Kuncin hagu, hannun dama: tarihin gano hanyar da zafi da sanyi ke bi daga fuska

Kawuna mashayin shayi ne, kuma a wurin shayin muka fara gane cewa abin da ya same shi ya wuce yadda muka ɗauka. Wata safiya cikin hunturu ya tashi zai fita, sai ya ji ƙasa tana juya masa. Ya dafa bango, ya yi amai, ya koma ya zauna. Kafin azahar muryarsa ta dushe, shaƙuwa ta kama shi ta ƙi saki, in an ba shi ruwa sai ya ƙware. In aka tashe shi tsaye sai ya riƙa karkata hagu kamar amalanken da aka yi wa lodi gefe guda. Amma hankalinsa garau yake, bakinsa bai karkace ba, hannu da ƙafa duk suna motsi, in ya damƙe maka yatsa sai ka roƙe shi ya sake ka. Don haka ba wanda ya kawo shanyewar ɓarin jiki a ransa. Ma'aikacin lafiyar da ya fara duba shi ma maganin masassara ya rubuta, ya ce a kai shi gida ya huta.

Kwana na huɗu yana zaune a tabarma, ya miƙa hannun dama ya ɗauko butar shayi daga kan gawayi ba tsumma. Bai sake ta ba sai da wani yaro ya yi ihu. Tafin hannun ya yi bororo. Ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, na san na riƙe wani abu, amma ban san wuta ba ce.” Da muka bi a hankali sai muka tarar duk ɓarin damansa haka yake, daga wuya zuwa ƙafa. Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne fuska. Kuncin dama lafiya lau, yana jin sanyin ruwan randa. Kuncin hagu kuwa yana jin an taɓa shi, amma ba ya bambance ruwan ɗumi da na sanyi, in an tsikare shi da tsinke ma ba ya jin ciwo.

Inna, matarsa, ta yanke hukunci nan take. Ta ce, “Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ciwo in na jiki ne ɓari ɗaya yake ɗauka. Wanda ya kama hagu a sama ya tsallaka dama a ƙasa, da hannu a ciki.” Ni kuma shekara da shekaru ina koyar da ilimin halittu a kwaleji, kowace shekara sai na zana ƙwaƙwalwa a allo, amma ran nan na rasa abin da zan ce mata. Sai da muka kai shi birni wani matashin likita ya ɗauki allura da kwalabe biyu, ɗaya da ruwan ɗumi ɗaya da na sanyi, ya bi fuskarsa da jikinsa, sannan ya zana mini wani ɗan da'ira a takarda. Ya ce ciwon wuri ɗaya yake, bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, kuma sunan wani Bajamushe, Wallenberg, aka sa masa. Daga nan na shiga neman tarihin abin, shi ne nake so in ba ƴan uwana malamai da iyaye.

Kafin tarihi sai mun san wurin. Ƙwaƙwalwa tana da kututture wanda ya haɗa ta da lakar gadon baya, girmansa bai fi babban yatsan hannu da yawa ba, yana can cikin ƙeya. Kashi uku ne: na sama, na tsakiya da ake kira gada, da na ƙasa mai tsawon kamar santimita 3, wanda littattafanmu na Faransanci ke kira bulbe. Jijiyoyin saƙo tagwaye goma sha biyu ne ke fita daga cikin ƙoƙon kai, mafi yawansu daga wannan kututture. Ta biyar ita ce ke ɗauko jin fuska. Ana ce mata trijumeau, wato ƴan uku, don rassanta uku ne: ɗaya na goshi da ido, ɗaya na kunci da hanci da haƙoran sama, ɗaya na haɓa da haƙoran ƙasa da gaban harshe. Rassan suna haɗuwa a gindin ƙoƙon kai, su shiga kututture ta gefen gada.

Da shigarsu sai hanya ta rabu biyu. Saƙon taɓawa yana yada zango nan kusa a cikin gada. Saƙon ciwo da na zafi da sanyi kuwa ba ya tsayawa nan. Gangarawa yake yi ƙasa, ya bi gefen bulbe har ya kai farkon laka a cikin wuya, a can ne yake miƙa saƙo ga wasu jijiyoyi, su haye ɗaya ɓarin, su hau sama zuwa tashar da ake kira talamus, daga nan zuwa inda hankali ke sanin abin da ya faru. Kamar mutumin da garin da za shi yana tsallaken gulbi daidai da gidansa, amma damina ta cika gulbin, dole ya gangara inda mahayi yake, ya haye, sannan ya dawo sama.

Saƙon ciwo da zafi na sauran jiki shi kuma tun a cikin laka yake hayewa, kusa da inda ya shiga. Ke nan a gefen hagu na bulbe matafiya iri biyu ne ke gogar kafaɗa: na fuskar hagu suna gangarowa ba su haye ba tukuna, na jikin dama suna hawowa sun riga sun haye. In jini ya yanke wa wannan ɗan lungu, su biyun ne za su tsaya tare. A lungun ne kuma cibiyar daidaita tsayuwa take, da mai kula da haɗiya da murya, da zaren da ke taimakawa wajen ɗaga fatar ido. Hanyar ƙarfin hannu da ƙafa tana can gaba wajen tsakiya, shi ya sa ta kan tsira. Duk abin da muka gani a jikin Kawu yana cikin wannan ɗan zane.

Zanen da likita ya yi mini cikin minti biyu ya ci wa masu bincike fiye da shekara ɗari. Mutumin da ya fara bayyana ciwon dalla-dalla shi kansa majinyacin ne, kuma mu a nan muna da wata alaƙa da shi da ba mu sani ba. Sunansa Gaspard Vieusseux, likita a birnin Janeba na ƙasar Suwis. Shi ne a 1805 ya rubuta bayani na farko da aka yarda da shi a kan annobar sanƙarau, cutar da kowane uba a ƙasar nan ke tsoro in zafi ya kama. Shekara uku bayan haka, a 1808, yana da shekara sittin da ƴan kai, ya gabatar wa abokan aikinsa labarin wani ciwo da ya kama shi da kansa: jiri, dushewar murya, wuyar haɗiya, shaƙuwa, fatar ido ɗaya ta sauko, rabin fuska ya daina ji, gaɓoɓin ɗaya ɓarin kuma sun daina sanin ciwo da zafi da sanyi. Wani ɗan garinsu mai aiki a Landan, Alexander Marcet, ya kai labarin gaban likitocin Ingila, aka buga shi a 1811.

Abin da ya burge ni da Vieusseux shi ne bai gyara labarin don ya yi daidai da ilimin zamaninsa ba. A lokacin ba wanda zai iya cewa ga dalilin da ya sa ji zai tsallaka daga wannan ɓari zuwa wancan, ko dalilin da zai sa fata ta san an taɓa ta amma ta kasa sanin wuta. Ya rubuta abin yadda ya ji shi, ya bar wa na baya. Ya rasu a 1814 bai san inda ciwonsa yake ba.

Amsar ta zo ne gutsure-gutsure. A 1822 François Magendie ya nuna a Paris, ta hanyar gwaji a kan ƴan kwikwiyo, cewa jijiyoyin da ke shiga laka ta baya na ji ne, masu fita ta gaba na motsi. A shekarun nan ne kuma Charles Bell da Herbert Mayo a Landan suka raba aikin jijiyoyin fuska: ta biyar ke kawo ji, ta bakwai ke motsa naman fuska. Wajen 1850 Brown-Séquard, haifaffen tsibirin Moris, ya nuna cewa in aka yanke rabin laka, ɗaya ɓarin jiki ne ke rasa jin ciwo, wato saƙon a cikin laka yake hayewa. Saura wanda zai haɗa waɗannan guntaye a jikin mutum ɗaya.

Adolf Wallenberg ne ya yi wannan. An haife shi a 1862, ya yi aikinsa na likita a birnin Danzig, wanda yanzu ake kira Gdansk a ƙasar Polan. Ba a babbar jami'a yake ba. Da rana yana duba marasa lafiya, in ya samu sarari yana yanka ƙwaƙwalwar zomaye da tsuntsaye siriri-siriri yana bin hanyoyin jijiya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1895 ya buga bayanin wani mutum mai shekara 38 da jiri ya kayar ba tare da ya suma ba, haɗiya ta yi masa wuya, murya ta dushe, yana faɗuwa hagu, jin fuskarsa ya rikice, ɓarin damansa ya daina sanin ciwo da zafi da sanyi alhali yana jin taɓawa. A lokacin babu wata na'urar da ke nuna cikin kai. Wallenberg ya ɗauki alamun ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa ta ina hanyar kowacce ta bi, kuma a ina ne duk hanyoyin suka matso kusa da juna. Ya ce wurin gefen hagu ne na bulbe, har ya faɗi jijiyar jinin da yake zaton ta toshe, wadda ke ratsa wurin kan hanyarta ta zuwa ƙasan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. A kan taken rubutun nasa, bayan sunan jijiyar, ya sa alamar tambaya.

Wannan alamar tambaya nakan nuna wa ɗalibaina. Mutumin ya yi lissafinsa, ya faɗi abin da ya gano, ya kuma nuna cewa bai gani da ido ba tukuna. Ya ci gaba da bin majinyacin shekaru, har mutumin ya rasu aka yi binciken gawa. A 1901 Wallenberg ya buga sakamakon: tabon yana daidai inda ya ce. Daga baya, a 1961, Miller Fisher da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa galibi babbar jijiyar jinin da ke hawowa ta cikin ƙasusuwan wuya ce ke toshewa, ba reshen da Wallenberg ya ambata kaɗai ba. An gyara masa batun jijiyar jini, amma wurin da ya nuna bai motsa ba.

Hujja ta ƙarshe daga wani ciwo dabam ta fito. Akwai ciwon fuska da ke zuwa kamar walƙiya, ya yi daƙiƙa kaɗan ya wuce, ya sake dawowa. Tauna tana tayar da shi, ko aswaki, ko wanke fuska, wani lokaci iska kawai. Likitan fiɗa na Faransa Nicolas André ya ba shi suna a 1756, John Fothergill ya bayyana shi sosai a Landan a 1773. Mai wannan ciwo yakan zaci haƙori ne, a yi ta cire masa haƙora masu lafiya ciwo yana nan, kuma har gobe ana yin wannan kuskure. A 1901 Spiller da Frazier a Amurka suka fara yanke saiwar jijiyar gaba ɗaya kafin ta shiga kututture. Ciwo yakan tafi, amma rabin fuska ya mutu murus, ido ba ya sanin abu ya faɗa masa, har ya kan yi gyambo.

Wani matashin likitan fiɗa a Stockholm ta ƙasar Suwidin, Olof Sjöqvist, ya yi tunani: tun da hanyar ciwo ta rabu da ta taɓawa ta gangara ita kaɗai, me zai hana a tare ta can ƙasa a bar ɗayar? A 1937 ya buɗe ƙeyar majinyaci ya yi ƴar tsaga ta milimita kaɗan a gefen bulbe, ya buga bincikensa a 1938. Waɗanda aka yi wa aikin suka farka fuskarsu tana jin taɓawa, amma ciwo da zafi da sanyi sun tafi. Abin da toshewar jini ta yi wa Vieusseux, wuƙa ta yi shi da gangan, a wurin da aka auna. Aikin yana da haɗari don maƙwabtan wurin masu muhimmanci ne, kuma yau ba da shi ake farawa ba. Tun 1962 akwai ƙwayar karbamazefin da ke kwantar da ciwon ga mutane da yawa. Amma ta wajen ilimi, aikin Sjöqvist ya rufe gardama.

Sauran bayanai sun biyo. Tun 1914 Jules Dejerine na Paris ya lura cewa in ciwo ya hau wannan doguwar cibiya daga ƙasa, rashin jin ba ya bin rassa uku na jijiyar. Yakan fara daga wajen kunne da gefen fuska ya matso zuwa baki da hanci zobe-zobe, kamar ka yanka albasar Galmi ka dubi cikinta. A 1950 Jerzy Olszewski a Kanada ya raba cibiyar kashi uku, ya nuna cewa na can ƙasa gininsa iri ɗaya ne da wurin da laka ke karɓar ciwon sauran jiki. A wannan kashi na ƙasa ne saƙon haƙori da na ido ke sauka, da na mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, da wani ɓangare na saƙon ƙeya. Shi ya sa ciwon haƙori kan watsu har kunne, kuma matsanancin ciwon kan mai sanƙarau, da mayafin nan ne ya kumbura, ta nan yake bi. Cututtukan Vieusseux biyu, wadda ya gani a jikin mutanen garinsu da wadda ya ji a nasa, ashe hanya ɗaya suka bi.

Ƙarshen Wallenberg ba daɗi. Bayahude ne, kuma a 1938 mulkin Nazi ya raba shi da aikinsa da garinsa yana ɗan shekara 75. Ya gudu Ingila, ya zauna a Oksfod, a 1943 ya wuce Amurka, can ya rasu a 1949. Sunansa kuwa ya kai har bakin wani matashin likita a ƙasarmu da ke riƙe da allura da kwalabe biyu.

Kawu ya tashi, ko da yake ya ɗauki watanni. Jiri ya lafa, murya ta dawo, yana zuwa gona da sanda. Jin zafi a hannun dama bai dawo duka ba har yau. Kwana huɗun da muka ɓata su ne ke damuna, don a cikinsu kullum ana ɗura masa kunu yana ƙwarewa, ana cewa ya daure ya sha. Likita ya gaya mini wannan shi ne babban haɗarin: abin da ya kasa haɗiyewa huhu yake tafiya, ciwon huhun da ke biyo baya kuma yana kisa.

Ga abin da nake roƙon iyaye. Babba ya tashi da jiri mai tsanani farat ɗaya, tare da dushewar murya, ko ƙwarewa, ko shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ko tafiya tana jan shi gefe, ko ya ce wani ɓari na fuskarsa ya canja, a nufi asibiti a ranar, ko da hannu da ƙafa suna motsi. Kada a ba shi abinci ko ruwa ta baki sai an duba haɗiyarsa. A gaya wa likita duk abin da majinyaci ya faɗa, har wanda ake ganin shirme ne, don a nan maganar da ta fi kama da shirme ita ce ta nuna wurin. In an dawo gida, wani ya riƙa taɓa masa ruwan wanka kafin ya shiga, a nisanta shi da garwashi lokacin jin ɗumi, a riƙa duba idon ɓarin da ya mutu, don ƙurar hunturu za ta shiga bai sani ba. Hawan jini da ciwon suga da taba su ne manyan masu share wa wannan ciwo hanya. Kawu bai taɓa auna jininsa ba sai ran da muka kai shi. Matashi ma yana iya samunsa in jijiyar jinin wuya ta tsage bayan faɗuwa ko murɗewar wuya mai ƙarfi.

Ƴan uwana malamai kuma, wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ɗalibi ya rufe ido, abokinsa ya taɓa masa kunci da auduga, sannan da cokalin da ya kwana a waje, sannan da wanda aka riƙe a hannu ya yi ɗumi. A tambaye su ko hanya ɗaya saƙonnin nan suka bi, kuma ta yaya mutum zai gane in ba ɗaya ba ce. A tambaye su me ya sa barkono ke “zafi” alhali ba a wuta aka ɗauko shi ba, me ya sa na'ana'a ke sanyaya baki a cikin shayi mai tururi. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano cewa sinadarin barkono yana buɗe ƙofa ɗaya da zafin wuta a bakin jijiya, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021 tare da Ardem Patapoutian. Saƙon barkonon nan daga harshe, shi ma sai ya gangara ƙeya kafin ya hau.

Da hutu na je gaishe su, na ɗauki takardar da likita ya zana na zauna da Inna. Na nuna mata inda na fuska ke gangarowa da inda na jiki ke hawowa, na sa yatsa a inda suka haɗu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “To, ashe mararraba ce.” Ban ce ta bar duk abin da ta yi imani da shi ba, ita ma ba ta ce ta bari ba. Amma yanzu ita ke tuna masa ranar awon jini, kuma ita ke sauke masa butar shayi daga wuta.